Kalmar «zone»: yadda ɗamara ta zama yanki

Shafin ƙarin ilimi

Darasinmu na wannan wata a kan kalma guda yake. Baƙuwa ce, ba Hausa ba ce, amma ta daɗe tana shiga kunnuwanmu. Harafi huɗu gare ta: z, o, n, e. Ana rubuta ta «zone». Wurin faɗi ba a jin harafin ƙarshe, sai a ce «zon».

Kun sha jin ta. Malamin gona ya kan faɗe ta wurin taro. Malamin dabbobi ya kan faɗe ta lokacin allurar rigakafi. Tana cikin takardun gwamnati, tana bisa alluna a bakin hanya. Nan gida da Faransanci muke jin ta. Waɗanda ke zuwa ci-rani Kano, Legas ko Kumasi sun tarar da ita can cikin Ingilishi. Rubutun iri ɗaya ne, ma'anar kuma kusan ɗaya.

Don mi munka zaɓe ta? Don kalma ce mai raba ƙasa. Ita ke faɗin inda mutum zai yi gona da inda ba zai yi ba. Ita ke faɗin inda bisashe za su yi kiwo. Wanda ya dangwala yatsa bisa takardar da ke ɗauke da ita bai san ma'anarta ba, yana iya asarar wahalar shekara guda. Rashin sani ya fi dare duhu.

1. Asalin kalmar

Kalmar ba ta Ingila ba ce, ba kuma ta Faransa ba. Su ma aro sunka yi. Asalinta daga Girka ne, wata ƙasa ta kudancin Turai, a bakin tekun Bahar Rum, ƙetaren Libiya da Masar.

Girkawan dauri suna faɗin ta da gaɓa biyu: «zo-ne». Ma'anarta ɗamara. Wato abin da mutum ke ɗaurewa a ƙugu don ya riƙe tufafinsa. Matansu suna sa doguwar riga, su ɗaure ta da ɗamara. Mazansu suna ɗaura ɗamara in za su aiki ko yaƙi, kamar yadda ɗan kokowa ke yi in zai shiga fili.

Bayan Girkawa sai Rumawa sunka yi ƙarfi. Harshensu shi ne Latinanci. Sunka ari kalmar, sunka mai da ita «zona». Su ma ɗamara suke nufi da ita. Sojojinsu da matafiyansu cikin ɗamarar suke ɓoye kuɗi, kamar lalitar fatakenmu. Saboda haka a wurinsu in an ce mutum ya yar da «zona», an san guzurinsa ya tafi ke nan.

2. Yadda ɗamara ta zama yanki

To, ina ruwan ɗamara da ƙasa? Ga yadda abin ya faru.

Masanan Girka sun gane tun da wuri cewa duniya dunƙulalliya ce kamar lemu. Sun kuma lura cewa rana ba ta dukan ko'ina daidai. Wani wuri tana tsayuwa bisa tsakar kai. Wani wuri daga gefe take leƙowa. Sai sunka ce: duniya kamar mutum ce da ya ɗaura ɗamara bisa ɗamara. Sunka raba ta kashi biyar, kowane kashi sunka kira shi «zo-ne». Marubutan da sun ce wani masani mai suna Farmanidas ne ya fara wannan rabo, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ku gwada da kanku wurin karatu. Ku sami duma ko lemu. Ku ɗaura masa zare huɗu a gicciye: ɗaya kusa da kai, ɗaya kusa da gindi, biyu a tsakiya da ɗan nisa tsakaninsu. Ku ƙirga. Zare huɗu ya ba da kashi biyar:

Na tsakiya shi ne yankin zafi. Shi ya fi faɗi. Layin tsakiyar duniya ya ratsa shi.

Na samansa da na ƙasansa su ne yankuna biyu masu matsakaicin yanayi. Faransa, Ingila da Girka suna cikin na arewa.

Na kai da na gindi su ne yankuna biyu na ƙanƙara. Su sun fi kama da hula. Can akwai kwanakin da rana ba ta faɗuwa, akwai kuma kwanakin da ba ta fitowa.

Iyakar yankin zafi tana wajen digiri 23 da rabi arewa da layin tsakiya, da digiri 23 da rabi kudu da shi. Zaren arewa ya ratsa ƙuryar ƙasarmu, can nesa da Bilma, kusa da iyakar Aljeriya da Libiya. Ke nan kusan Nijar duka cikin yankin zafi take.

Akwai alamar da kowa zai iya gani. A yankin zafi kaɗai rana ke tsayuwa daidai bisa kai. A Maraɗi, Damagaram da Yamai hakan na faruwa sau biyu a shekara: wajen ƙarshen watan Afrilu, da wajen tsakiyar watan Agusta. Ku kafa sanda a miƙe. Da rana tsaka za ku ga inuwarta ta shige gindinta. Mutumin Faris ko na Landan ba ya taɓa ganin haka a garinsu.

Wani babban masanin Girka, Aristo, wanda ya rayu daga shekara 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa ɗan Adam ba ya iya zama a yankin zafi, don rana ta yi yawa. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna maimaita wannan magana. Ga mu nan kuwa cikinsa, da hatsinmu, da rijiyoyinmu, da garkunanmu, tun kaka da kakanni. Gani ya kori ji. Malami komi girmansa yana iya kuskure game da ƙasar da bai taka ba.

3. Hanyar da kalmar ta bi

Daga Latinanci kalmar ta shiga Faransanci, wajen ƙarni na 12. Ta shiga Ingilishi wajen shekara ta 1400. Da farko masu ilimin taurari da na ƙasa kaɗai ke amfani da ita, don waɗannan kashi biyar na duniya. Mawaƙan Ingila kuma sun daɗe suna kiran ɗamarar mace da ita, amma yanzu ba mai faɗin haka a kasuwa.

Bayan shekara ta 1800 ma'anar ta ƙara faɗi. Duk wurin da anka shata, anka ware shi daga na kusa da shi saboda wani dalili, sai a kira shi «zone». Ba dole ba ne ya zagaye wani abu kamar ɗamara. Ya isa a ce yana da iyaka, kuma abin da ke cikinsa ya bambanta da na waje.

Larabawa ma hanya ɗaya sunka bi. Kalmarsu «minɗaƙa» tana nufin ɗamara, tana kuma nufin yanki.

A kula da abu guda. Kalmar «zango» tamu ce ta Hausa, ba ta da dangantaka da wannan baƙuwa. Unguwannin baƙi da ake kira Zongo a Kumasi da Akara daga zangon fatake sunka samo suna. Kama da wane ba ta wane.

Da Hausa muna da kalmomin da ke ɗaukar ma'anar: yanki, shiyya, sashe. A Najeriya an kasa jihohi 36 cikin «zone» shida, gidajen rediyo na Hausa kuma suna cewa shiyya shida.

4. Ma'anoninta na yau

Yankin lokaci. Duniya tana juyi guda cikin awa 24. Zagayenta digiri 360 ne. In kun raba 360 da 24, kun sami 15. Wato kowane digiri 15 awa guda ne. A shekara ta 1884 wakilan ƙasashe 25 sunka taru a Washinton ta Amurka, sunka yarda a fara ƙirga daga layin da ya bi ta Girinic, wata unguwa ta Landan. Shi ne agogon GMT da kuke ji a rediyo. Sannu a hankali ƙasashe sunka daidaita agogonsu da shi. Da Ingilishi kowane kashi «zone» na lokaci ne. Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suna gaban GMT da awa 1. Gana, Mali da Burkina Faso suna daidai da GMT. Sudan tana gaba da awa 2, Makka da awa 3. Nijar duka agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta bin dokar agogo. Shi ya sa da azumi mutanen Damagaram ke riga na Yamai shan ruwa da kusan rabin awa.

Yankin kuɗi. Ƙasashen da ke cin kasuwa da kuɗi iri ɗaya su ma «zone» ne. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Ƙasashe 8 na yammacin Afirka ke amfani da sefar da ke aljihunmu: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Ƙasashe 6 na tsakiyar Afirka, cikinsu har da Cadi da Kamaru, suna da tasu sefar. Darajarsu ɗaya, amma takardun dabam ne. A watan Janairu 1994 an rage darajar sefa da rabi. Tun 1999 an ɗaure ta da kuɗin Turai, yuro: yuro 1 ya kama kusan tamma 656, wato dala 131 da tamma ɗaya.

Yankin gari. Hukumar birni ta kan ware wurin gidajen kwana, wurin masana'antu, wurin kasuwa. Birnin Niyok na Amurka ya kafa irin wannan doka ga garin baki ɗaya a 1916. A Ingilishi kalmar ta kan zama aikatau a nan: a raba gari yanki-yanki. Allon da ke gaban lakkwal ko gidan likita mai cewa a rage gudu, shi ma yanki yake shatawa.

Yankin soja. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, an raba Jamus kashi huɗu tsakanin Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyat. Tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu kuma, tun 1953, akwai wani tsiri mai faɗin kilomita 4, tsawonsa wajen kilomita 250, wanda ya raba rundunonin biyu. Wannan kam ɗamara ce sosai.

Ciwon «zona». In likita ya ce mutum yana da «zona», tsohuwar kalmar Rumawa ce ya faɗa. Ƙuraje ne masu ruwa da zafi kamar wuta. Suna fitowa a jere a gefe guda na jiki, sau da yawa a haƙarƙari ko ƙugu, kamar rabin ɗamara. Ƙwayar ƙarambau ce ke kwanciya cikin jiki tun yarinta, ta tashi in mutum ya tsufa ko ya yi rauni. A kai marar lafiya gidan likita da wuri, cikin kwana ukun farko, balle in abin ya kusanci ido.

A bakin ƴan wasa. Mutanen Amurka da Ingila in sun ga ɗan wasa ya duƙufa, hankalinsa duk na kan wasan, komi ya taɓa sai ya yi kyau, su kan ce ya shiga «zone». Mu sai mu ce yau ranarsa ce.

5. Yankin da ya fi shafar mu

Mu komo gida. A ƙasarmu ruwan sama ne ke ɗaura ɗamara. Wanda ya tashi daga Gaya ya nufi Agadas zai ga itatuwa na raguwa, ciyawa na gajarta, har ya kai rairayi. Ma'aikatan yanayi sun kasa ƙasar kashi huɗu, kowane kashi ya miƙe daga yamma zuwa gabas:

Yankin Gaya, mai samun milimita 600 zuwa 800 a shekara. Kusan kashi 1 ne cikin 100 na faɗin ƙasa.

Yankin hatsi da wake da gujiya, mai samun 350 zuwa 600. Maraɗi, Ƙonni, Magarya da Dosso na ciki. Kusan kashi 10 cikin 100.

Yankin kiwo, mai samun 150 zuwa 350. Abalak da Cintabaradan na ciki. Kusan kashi 12 cikin 100.

Hamada, mai samun ƙasa da 150. Kusan kashi 77 cikin 100. Noma a can sai a kwari da dausayi, da ruwan rijiya.

Wannan rabo na ruwa ne, ba mai hukunta kowa a kansa. Amma akwai wani rabo na doka. Ranar 26 ga Mayu 1961, zamanin shugaba Jori Hamani, anka kafa doka mai lamba 61-05. Ita ta shata iyakar noma ta arewa. Layin ya ratsa ƙasashen Filinge, Tawa, Dakoro, Tanut da Gure har Ngigmi. Ya bi kusan wurin da ake samun milimita 350. A ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne mutane sunka sani a matsayin iyaka.

Kudu da layin yankin noma ne. Arewa da shi yankin kiwo ne. Ga abin da dokar ta tanada game da arewa. Ba a yarda a share sabuwar gonar damana ba. An bar wa makiyaya ƴan gonakin ci da bakinsu, an bar wa mutanen dausayi garakensu. Kuma in dabba ta ci gonar da anka yi a yankin kiwo, ba a biyan mai gonar diyya.

A kudu ma makiyayi yana da haƙƙinsa. Burtali, makiyaya da mashaya na jama'a ne duka. Manomi ba shi da ikon haɗa su da gonarsa. Makiyayi kuma ba shi da ikon sakin bisashe cikin gonaki sai hukuma ta sa ranar sakin gonaki bayan girbi. In ya yi ɓarna kafin ranar, zai biya.

Tun 1961 abubuwa da yawa sun sāke. Mutane sun ƙaru ƙwarai. Gonakin kudu sun gaji, sun kuma tsuke saboda rabon gado. An sha fari mai tsanani a 1973 da 1984, makiyaya da yawa sunka rasa dukiya sunka koma noma. Manoma kuma sunka yi ta hawa arewa neman sabuwar ƙasa. Daga nan rigingimu sunka yawaita, wani lokaci har da asarar rai. Saboda haka gwamnati ta kafa dokar karkara ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira «kofo». Akwai su a gari, a komin da kuma gunduma. Ranar 20 ga Mayu 2010 anka ƙara da dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ta sake tabbatar da iyakar 1961.

Kun ga ke nan kalmar nan ba ta malaman ofis kaɗai ba ce. Manomin da ya shuka arewa da layi, ya zuba iri da gumi, yana iya tashi ba gero ba diyya. Makiyayin da ya iske an nome burtali yana iya rasa hanyar kai garkensa ruwa. Kowanensu yana bukatar sanin gefen da yake tsaye.

6. Tambaya huɗu

Mu tuna da asalin kalmar. Ɗamara tana da farko da ƙarshe, kuma wani ne ya ɗaura ta. Duk ranar da kunka ji «zon» wurin taro, ko kunka gan ta a takarda, ku yi tambaya huɗu kafin ku sa hannu:

Daga ina yankin ya fara, ina ya tsaya?

Wa ya shata shi, kuma da wace doka?

Mi anka yarda a yi cikinsa, mi anka hana?

In rigima ta tashi, wurin wa za a kai ƙara?

Kada ku ji kunyar tambaya. Ku nemi a nuna muku iyakar a ƙasa, da itace ko dutse ko turke, a gaban mai gari, da shugaban makiyaya, da ƴan kofo. Ku rubuta amsar cikin littafinku da Hausa, da kwanan wata. Matambayi ba ya ɓata, abin da anka rubuta kuma ba ya mantuwa.

Aikin ɗalibai

A. Ku amsa da baki

1. Daga wace ƙasa kalmar «zone» ta fito? Mi take nufi can da farko?
2. Kashi nawa masanan Girka sunka raba duniya? Cikin wane kashi Nijar take?
3. Wane kuskure Aristo ya yi?
4. Mi dokar 1961 ta hana a yankin kiwo? Mi ta bari?

B. Ku rubuta

Ɗamara ta zama yanki. Kowane yanki yana da iyaka. Burtali na jama'a ne. Manomi da makiyayi ƴan uwan juna ne.

C. Lissafi

1. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Maraɗi, ƙarfe nawa ne a Kumasi? Ƙarfe nawa ne a Makka?
2. Ku haɗa 1 da 10 da 12 da 77. Nawa kunka samu?
3. Shekara nawa ke tsakanin dokar 1961 da ta 2010?

D. Ku tattauna

Ku zana taswirar garinku bisa allo ko a ƙasa. Ku nuna gidaje, gonaki, burtali, makiyaya da rijiya. Ku gayyato tsofaffi biyu, manomi da makiyayi, su faɗi inda iyakokin suke lokacin ƙuruciyarsu. Ku gwada da yadda suke yau. Malamin yaƙi da jahilci ya rubuta abin da kunka gano, ya aiko muna, mu buga don sauran garuruwa su ƙaru.

Allah ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.